Yehudi Menuhin, Mai Gogen da Ya Kai Kiɗa Inda Babu Shi

1. Sunan da Aka Sa Masa

A cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka aka yi wani malami, ana ce da shi Moshe Menuhin, da matarsa Marutha. Dukansu biyu Yahudawa ne, asalinsu daga ƙasar Rasha, inda a zamanin nan ake tsananta wa Yahudawa ƙwarai. Wata rana suka fita neman ɗakin haya, matar kuwa tana da ciki. Suka sami wani ɗaki mai kyau, har sun kusa shiryawa da uwar gidan, sai ta ce musu su kwantar da hankalinsu, gama ita ba ta ba Yahudawa haya. Ba ta san su wane ne ke tsaye gabanta ba. Suka juya suka fita, ba su kama ɗakin ba.

Abin nan ya ƙona wa Marutha rai. Ta yi alkawari in ta haifi ɗa namiji, za ta sa masa sunan da kowa ya ji zai san asalinsa, kada ya taɓa ɓoye kansa don tsoron wulakanci. Ran 22 ga watan Afrilu 1916 ta haihu, aka sa wa yaron suna Yehudi, watau Bayahude da harshen Ibrananci. Ashe tun yana ciki aka fara rufe masa ƙofa. Ku riƙe wannan a ranku, domin duk labarinsa labarin buɗe ƙofa ne ga waɗanda aka rufe wa.

2. Gogen Turawa

Kafin a ci gaba, ya kamata ku san irin sana'ar da yaron nan ya tashi da ita. Kun san goge. To, Turawa ma suna da nasu, amma ya bambanta. Ba da ƙwarya da fata ake yinsa ba, da katako ake sassaƙa shi, a bar cikinsa rami don ya yi amo. Tsirkiyarsa huɗu ce. Mai kiɗa yakan ɗora shi a kafaɗar hagu, ya danne da haɓa, ya riƙa taɓa tsirkiyoyin da yatsun hagu, yana goga su da wani siririn baka mai izgar doki da ke hannunsa na dama.

Irin wannan kiɗa a rubuce yake. Akwai masu tsara shi, su zana shi a takarda da waɗansu alamomi, har wanda aka haifa bayan shekara ɗari ya duba ya kaɗa shi daidai. Sau da yawa makaɗa tamanin ko fiye sukan taru, da goge manya da ƙanana, da sarewa, da ƙaho, da ganguna, wani jagora yana tsaye gabansu da 'yar sanda yana bi da su. Ana yin kiɗan a cikin manyan zauruka. Sai mutum ya biya kuɗi a ƙofa, ya sa tufafinsa masu kyau, ya zauna shiru, in an gama ya tafa. Saboda haka matalauci, da majiyyaci, da ɗan sarƙa, ba su da rabo a ciki.

3. Yaro Mai Ban Mamaki

Yehudi yana da shekara biyu iyayensa suka ƙaura zuwa San Faransisko, uban yana koyar da Ibrananci. Ba su da abin da za su biya mai reno, don haka in za su sauraron kiɗa sai su tafi da shi. Yaron yakan zauna shiru, ya zuba ido ga shugaban masu goge, wani mai suna Louis Persinger. Da ya yi wayo kaɗan sai ya roƙi a saya masa goge. Aka kawo masa na wasan yara, na ƙarfe. Da ya goga ya ji ba ya fid da murya mai daɗi, sai ya jefar da shi ƙasa don haushi. Daga baya aka samo masa na gaske, kwanci tashi har Persinger ɗin nan ya zama malaminsa.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yana da shekara bakwai ya fara kiɗa gaban jama'a. Wani lauya mai arziki, Sidney Ehrman, ya ji shi, ya ɗauki nauyin gidansu duka zuwa Turai. A Faris ta ƙasar Faransa ya yi karatu wurin George Enescu, mutumin Rumaniya, wanda ya zamar masa kamar uba. Enescu ya gayyace su ƙasarsa, a can ne Yehudi ya fara jin kiɗan Romawa, waɗansu mutane masu yawo daga gari zuwa gari, waɗanda ake rena su a ko'ina cikin Turai. Ba su san karatun takardar kiɗa ba, amma gogensu ya ratsa shi. Har tsufansa bai daina kare mutuncinsu ba.

Cikin watan Nuwamba 1927, yana da shekara 11, ya tsaya da gajeren wando a babban zauren Carnegie na Niyok, ya kaɗa wani dogon kiɗa mai wuya na Beethoven, wanda manyan gwanaye ke shakkarsa. Mutane suka yi ta mamaki. Wani attajiri da idonsa ya mutu, Henry Goldman, ya saya masa goge na dala 60,000, wanda shahararren masassaƙin nan na Italiya, Stradivari, ya yi tun 1733. A 1929 ya yi kiɗa a Balin ta ƙasar Jamus, masanin nan Einstein yana cikin masu sauraro. A 1932 aka ɗauki kiɗansa a faifai a Landan, tare da dattijo Elgar wanda ya tsara kiɗan. A 1935 ya zaga duniya, har Ostiraliya da Afirka ta Kudu.

Amma fa duk wannan ɗaukaka a cikin shinge yake yinta. Bai yi makaranta da sauran yara ba, a gida aka koya musu karatu shi da ƙannensa mata biyu, Hephzibah da Yaltah. Daga masauki sai zauren kiɗa, daga zaure sai jirgi. Ya san sarakuna da attajirai, bai san talakawa ba.

4. Abin da Yaƙi Ya Koya Masa

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, watau yaƙin Hitila, Menuhin bai ɗauki bindiga ba, gogensa ya ɗauka. Ya yi wa sojan Amurka da na abokan taimakonta kiɗa fiye da sau 500. Ya je tsibiran Alushiyan, can arewa wajen Alaska, inda sanyi da hazo ba su ɗagawa. Ya je Hawai. Ya shiga barikoki, da ɗakunan cin abinci, da asibitoci, ya tsaya tsakanin gadajen waɗanda aka yanke wa ƙafa ko hannu.

Mutanen nan ba su biya ko anini ba, da yawansu kuwa ba su taɓa jin sunan Bach ko Beethoven ba. Waɗansu gobe za su fita fagen fama, ba su san ko za su komo ba. Da fari yana tsammani irin kiɗansa zai gundure su. Sai ya ga ƙarti sun yi tsit, waɗansu suna hawaye, kowa ya tuna gida. Nan ya gane abin da bai gane ba a manyan zauruka. Mai ƙoshi yana sauraron kiɗa don nishaɗi, amma wanda ke cikin wahala yana bukatarsa kamar yadda mai ƙishi ke bukatar ruwa.

A cikin shekarun nan kuma ya sami labarin Bartok, wani babban mai tsara kiɗa na ƙasar Hangare, wanda ya yi gudun hijira zuwa Niyok, ga ciwo ga rashi. Bartok mutum ne da ba ya karɓar sadaka. Sai Menuhin ya ba shi aiki, ya roƙe shi ya tsara masa kiɗan goge, ya biya shi ladansa. Ya kaɗa shi a 1944, shekara guda kafin mutuwar Bartok. Ya taimake shi ke nan ba tare da ya zub masa da mutunci ba.

5. Sansanin Belsen

Gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa wajen miliyan shida, da Romawa masu yawa, da waɗansu mutane dabam. Takan tara su a sansanoni kewaye da waya. Ɗaya daga ciki shi ne Belsen, a arewacin Jamus. Ran 15 ga Afrilu 1945 sojan Ingila suka buɗe shi, suka tarar da mutum wajen 60,000, yunwa ta mai da su ƙashi da fata, ga gawa dubbai ba a binne ba. Saboda wani mugun zazzaɓi da ƙwarƙwata ke yaɗawa, sai da aka ƙone bukkokin sansanin ƙurmus, aka mai da waɗanda suka tsira wani bariki da ke kusa.

Cikin watan Yuli na shekarar nan Menuhin ya tafi wurinsu, tare da wani Bature na Ingila mai suna Benjamin Britten, wanda ya kaɗa masa piyano. Masu sauraro suka shigo, waɗansu sanye da tufafin da aka ɗinka da bargon soja. Kusan kowannensu ya rasa uwa, ko ɗa, ko miji. An daɗe ana kiransu da lamba kamar kaya. Ga shi yau wanda sarakuna ke biyan kuɗi su ji ya zo takanas dominsu, yana kaɗa musu da iyakar gwanintarsa, ba ya rage kome. Kiɗa bai komo musu da matattunsu ba, amma ya shaida musu har yanzu su mutane ne. Menuhin bai manta da ranar nan ba har ya mutu. Ya san da iyayensa ba su bar Turai ba, da watakila shi ma yana cikinsu.

6. Komawa Balin

Bayan shekara biyu ya yi wani abu da ya jawo masa zagi. A 1947 ya tafi Balin ya yi kiɗa gaban Jamusawa, tare da jagoran makaɗansu Furtwangler. Shi Furtwangler bai bar Jamus ba a zamanin Hitila, saboda haka mutane da yawa suna ƙyamarsa, ko da yake kotun da ta bincike shi ta sallame shi. Menuhin kuwa ya ji shaidar cewa mutumin ya taimaki makaɗa Yahudawa sa'ad da ake farautarsu. A ganinsa garin da ya rushe, mutanensa suna kwana cikin kangaye da yunwa, shi ma yana bukatar a tuna masa da abin kirki da ke cikin gādonsa.

Yahudawa da yawa suka fusata, suka ce ya ci amanar matattu. Da ya je wani sansanin 'yan gudun hijira a Balin don ya yi musu kiɗa, sai ya tarar da zauren kusan wayam, sun ƙi zuwa. Wani ne da ya yi fushi ya tafi abinsa. Shi kuwa sai ya komo ya tsaya gabansu, ya saurari zafin da ke ransu. Ya nuna musu bai ga laifin wanda ya sha irin azabarsu ba in ya yi ɗaci, amma shi a ganinsa ba a gina sabon zama a kan ƙiyayya. Waɗansu suka sauko, waɗansu ba su yafe masa ba har abada. A 1950, da zai je Isra'ila, har barazana aka yi masa. Bai fasa ba, ya je ya yi kiɗansa.

7. Afirka ta Kudu da Indiya

A 1948 gwamnatin Turawan Afirka ta Kudu ta kafa mulkin wariyar launin fata. Baƙin mutum ba shi da ikon zama a zaure ɗaya da Bature. Da Menuhin ya koma ƙasar a 1950, ya ga zaurukan da yake kiɗa cike da fararen fata kaɗai, sai abin ya dame shi. A unguwar Sophiatown ta birnin Johanasbag akwai wani limamin Kirista, Trevor Huddleston, mai tsaya wa baƙaƙe. Menuhin ya ɗauki gogensa ya tafi unguwar, ya yi wa mutanenta kiɗa a cikin majami'arsu. Tun da an hana su zuwa wurinsa, shi ya je wurinsu. Daga 1955 gwamnati ta fara kwashe mutanen unguwar nan da ƙarfi, ta rushe gidajensu.

A 1952 Firayim Minista Nehru ya gayyace shi Indiya. Ya yi kiɗa a manyan garuruwa, ya ba da kuɗin da aka tara don taimakon waɗanda yunwa ta kama. Shi ma bai komo hannu wofi ba. Tun bayan yaƙi hannunsa na dama ya fara ba shi wahala, gama yana yaro da baiwa kawai yake kiɗa, bai san yadda yake yi ba, da gajiya ta taru kuwa sai abin ya fara kuɓuce masa. Ya zama dole babban gwani ya koma kamar ɗan koyo. A Indiya ya sadu da wani malami, Iyengar, ya koyi motsa jiki irin nasu da ake kira yoga, ya sami sauƙi. Ya kuma yi abota da Ravi Shankar, gwanin wata irin babbar molo ta Indiya mai suna sitar. Ba ya ganin kiɗan Turawa ya fi na kowa. Yakan zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa kamar almajiri yana koyon nasu, har suka yi kiɗa tare a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1967.

8. Ya Sa Waɗansu a Hanya

Menuhin ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk ƙoƙarinsa ba zai kai kowane asibiti ba. Saboda haka ya shiga shirya abin da zai wanzu bayansa. A 1963 ya buɗe makarantar kwana a Ingila don yara masu baiwar kiɗa, inda za su koyi sana'ar tare da sauran karatu, cikin 'yan'uwansu yara, abin da shi bai samu ba. Makarantar ta zauna a wani ƙauye mai suna Stoke d'Abernon.

A 1977, shi da abokinsa Ian Stoutzker suka kafa wata ƙungiya mai suna Live Music Now, ma'ana a kai wa mutane kiɗa ido da ido, yanzu ba sai gobe ba. Ga yadda aka tsara aikinta. A gwada samari da 'yan mata da suka gama koyon kiɗa, a zaɓi gwanayen cikinsu, a koya musu yadda ake zama da marasa ƙarfi. Sa'an nan a aika su asibitoci, da gidajen tsofaffi, da makarantun naƙasassu, da gidajen kurkuku, a biya su ladansu, masu sauraro kuwa ba su biyan kome. Riba biyu ke nan. Wanda ba shi da ikon fita ya ji kiɗa mai kyau a inda yake, sabon makaɗi kuma ya sami abin masarufi, ya kuma koyi tun da wuri abin da Menuhin bai koya ba sai da yaƙi ya zo. Daga Ingila aikin ya bazu zuwa Jamus da Ostiriya da waɗansu ƙasashe.

A 1993 kuma aka fara wani shiri nasa a ƙasar Suwizalan, ana kiransa MUS-E. Makaɗa da mawaƙa da masu rawa da masu zane sukan riƙa zuwa makarantun firamare, musamman na unguwannin talakawa inda 'ya'yan baƙi suka yi yawa. Yaran da harshensu da addininsu suka bambanta, in sun yi waƙa da rawa tare, sai faɗa da tsangwama su ragu a tsakaninsu. Wannan shiri ma ya yaɗu a ƙasashen Turai da dama.

9. Ƙarshen Kwanansa

Da ya tsufa hannu ya ƙi, sai ya ajiye goge ya koma jagorar makaɗa da sanda. Girma ya zo masa ta ko'ina. Ya zama ɗan ƙasar Ingila a 1985, a 1993 kuma aka ba shi sarauta da kujera a Majalisar Dattawan Ingila. Duk da haka bai bar faɗin gaskiya don gudun ɓacin ran manya ba. A 1971, a birnin Mosko, ya yabi marubucin nan Solzhenitsyn a bainar jama'a, alhali gwamnatin Rasha ta zamanin ba ta son a ko ambaci sunansa. A 1991, da aka ba shi wata babbar kyauta a majalisar dokokin Isra'ila, ya tsaya gaban shugabanninta ya yi musu faɗa a kan yadda ake mulkin Falasɗinawa. Ya tuna musu cewa mutanen da suka ɗanɗani wulakanci su ne ya fi kamata su guji wulakanta wani. A 1996, yana da shekara 80, ya tafi Sarayebo ta ƙasar Bosniya, wadda yaƙi ya ragargaza, ya jagoranci makaɗan garin.

Ajali ya same shi a bakin aiki. Ya je Jamus don kiɗa, ciwon ƙirji ya kama shi, ya rasu a Balin ran 12 ga Maris 1999, yana da shekara 82. Aka kai shi Ingila, aka binne shi a filin makarantarsa, inda yara ke wucewa da gogensu.

An yi gwanayen goge da yawa a zamaninsa, waɗansu ma hannunsu bai taɓa rawa ba kamar yadda nasa ya yi. Abin da ya sa ake tunawa da shi dabam shi ne ya ɗauki baiwarsa a kan amana ce, ba dukiyar da zai kulle wa masu kuɗi ba. Ba kowa ke da baiwar goge ba. Amma a cikinku akwai mai saurin gane lissafi, da mai kyan rubutu, da mai ƙarfin jiki, da mai daɗin murya. A kusa da kowannenku kuma akwai wanda ciwo, ko tsufa, ko rashi ya tsare a ɗaki. Irin wannan ba zai zo ya roƙa ba. Sai an tashi an je masa.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka sa wa yaron nan suna Yehudi?
2. Ta wace hanya gogen Turawa ya bambanta da gogen da kuka sani?
3. Wane abu ne Menuhin ya gane sa'ad da yake yi wa soja kiɗa?
4. Don me waɗansu Yahudawa suka yi fushi da shi a 1947? Yaya ya yi da fushinsu?
5. Faɗi riba biyu da ke cikin aikin ƙungiyar da ya kafa a 1977.
6. Rubuta layi goma a kan wani abu da ka iya, da wanda za ka iya taimaka wa da shi.